Ƙarfen da Diga Ta Tono a Tsakar Gida



In damina ta ɗauke, amfanin gona ya shigo, sai a koma gine-gine. A tsofaffin unguwanninmu, cikin birnin Kano ne ko Zariya ko Katsina ko Damagaram, kullum sai ka ga an rushe gidan ƙasa za a tayar da na bulo. Ana haƙa fandisho, ana haƙa sokawe, ana yashe tsohuwar rijiya. A irin wannan haƙa ne wani lokaci lebura zai kai sara ya ji diga ta yi ƙara. A tone, a fito da wani dogon ƙarfe da tsatsa ta ci, ko wani ɗan falle mai lanƙwasasshen kai, ko tarin kwanson tagulla da ya koma kore. Sai a yi cincirindo a kansa. Wani dattijo ya leƙa ya ce, "Kai, ai wannan bindiga ce." To daga nan kowa ya zama malamin tarihi.

Abin da ke biyo baya mun san shi. Wani maigidan tsoro ne zai kama shi, ya ce maza a jefa a masai kada a jawo masa magana. Wani gidan yara ne za su faki ido su kai wa baban bola, ya ɗora a sikeli ya ba su na alewa. Wani kuwa sai ya wanke ya rataye a zaure, duk baƙon da ya zo a shaida masa cewa da ita kakan kaka ya yi jihadi. Duk cikinsu ba wanda ya tsaya ya dubi ƙarfen da kyau, alhali kuwa yawanci shaidarsa tana jikinsa.

Amma kafin tarihi, rai tukuna. Ba duk abin da ya fito daga ƙasa ake ɗauka a juya ba. In abin a rufe yake ta kowane ɓangare, ko yana da kai mai tsini da fikafikai a gindi, ko ɗan dunƙule ne mai tsage-tsage a jiki, ko harsashi ne da kansa bai fita ba, to a bar shi inda yake. A janye yara, a dakatar da aiki, a sanar da mai unguwa ya kira 'yan sanda, suna da sashen masu kwance bam. Mutanen Borno da Yobe ba sa bukatar a yi musu dogon bayani, sun ga yadda irin waɗannan ƙarafa suka hallaka masu tsintar gwangwan, kuma a 2023 gwamnatin Borno ta haramta sana'ar tsintar ƙarafa a jihar. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Ko bututun tsohuwar bindigar toka ma ba abin rainawa ba ne. Maharbi ba ya ajiye bindigarsa a wofi, a ɗure yake jingine ta, saboda ɗurin yana cin lokaci. Albarushi kuwa in dai bai sha ruwa ba, shekaru ba sa kashe shi. Saboda haka babban kuskure shi ne a kai bututun maƙera a ce a sa a wuta don tsatsa ta saki. Kada a sa shi a wuta, kada a buga shi da guduma, kada kuma wani ya kafa ido a bakinsa yana leƙe.

To, a ce an tabbata ba haɗari. Me ake fara dubawa?

Ƙasa tana zaɓen abin da take ci. Ƙotar katako gara ce ke fara gamawa da ita, shi ya sa da wuya a samu bindiga sukutum. Baƙin ƙarfe yakan kumbura, ya yi ɓawo-ɓawo. Tagulla takan yi kore amma siffarta ba ta canzawa, har rubutun jikinta yakan tsira. Dalma takan yi fari fat a waje, sai nauyinta ya tona ta. Don haka abin da aka fi samu shi ne bututu, da fallen ƙarfen gefe inda kayan tayar da wuta suke, da ƙarfen da ke kare kunama, da wanda ake lulluɓe gindin ƙota da shi, da zobban da sandar ɗuri ke ratsawa.

Tambaya ta farko ga bututu ita ce: ta ina ake ɗura shi? A dubi bayansa. In a toshe yake, to ta baki ake ɗura shi, a zuba albarushi, a bi da tsumma, a sa curin dalma ko guntayen ƙarfe, a danna da sanda. Sai a duba gefen dama kusa da toshiyar. In ɗan ƙaramin rami ne kawai, wanda allura za ta shiga, to mai ƙyastu ce, wato wadda dutsen ƙanƙara ke saran ƙarfe tartsatsi ya faɗa kan albarushi. Fallen gefenta ba ya ɓuya: akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe mai leɓe biyu da noti a sama inda ake matse ƙanƙarar, a gabansa da wani ƙarfe a tsaye wanda ake sara, a ƙarƙashinsa da ɗan kasko na albarushi. In kuwa maimakon rami ka ga ɗan tsinin ƙarfe mai huda ya fito, kuma abin bugun kansa guda ne ba leɓe biyu, to ta baya ce a zamani. Ita wannan ɗan murfin tagulla mai maganin wuta ake kifawa a kan tsinin. Sojojin Turai sun koma irinta ne wajen 1840, saboda ba ta cika ƙin tashi a damina ba.

Nan ne nake so mu ɗan daɗe, domin nan ne aka fi yin kuskure. Da mutum ya ji an ce mai ƙyastu ce, sai ya ce shi ke nan, ta zamanin Shehu ce. Kama da wane ba wane ba ce.

Gaskiya ne bindiga ta daɗe a ƙasashenmu. Mai Idris Alooma na Borno yana da 'yan bindiga tun ƙarni na 16, Turkawa ne suka koya musu. Tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya hau a 1731, aka kawo bindigogi daga Nufe, kuma Babba Zaki ne ya fara ajiye dakarun 'yan bindiga a fada. Amma kaɗan ce ƙwarai, kayan sarki ce. Yaƙin Tabkin Kwatto na 1804 da kwari da baka jama'ar Shehu suka ci shi. Har a 1826, lokacin da Baturen nan Clapperton ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa yaƙi da Gobirawa, cikin dubban mayaƙa bindigogin da ya ƙirga ba su kai 50 ba. Doki da takobi da mashi da kibiya su ne suka yi wancan zamani. Bindiga ba ta yawaita a hannun sarakunanmu ba sai a rabi na biyu na ƙarni na 19, musamman a Nufe da ke kusa da 'yan kasuwar kogin Kwara, da Damagaram inda Sarki Tanimu ya sa aka riƙa haɗa albarushi ana kuma zuba igwa a cikin Zinder.

Sannan ga wani abu da ba a cika faɗa ba. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Brussels, suka hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, amma suka bar ƙofa a buɗe ga mai ƙyastu da albarushin kasuwa. Dalilin a fili yake: su riƙe mai kyau, su sayar mana da wadda ba za ta tsare musu hanya ba. Sakamakon haka masana'antun Birmingham a Ingila da na Liège a Beljiyam suka ci gaba da ƙera mana sabuwar bindiga a tsohon fasali, shekara da shekaru bayan Turai ta daina amfani da ita. A wani ƙaramin gari na Ingila mai suna Brandon, masu fasa ƙanƙara sun ci gaba da aiko da ita Afirka ta Yamma har tsakiyar ƙarni na 20. Ke nan bindiga mai ƙyastu da aka tono a tsakar gida tana iya zama ta zamanin Sarkin Kano Dabo, tana kuma iya zama wadda wani maharbi ya saya a kanti zamanin En'e. In ma za a yi ƙiyasi, ta biyun ta fi yawa nesa ba kusa ba.

Ita kanta ƙanƙarar, in an dace an same ta, tana da abin faɗa. Ta Ingila baƙa ce ko ruwan toka mai duhu, an yanke ta kusurwa huɗu tsaf. Ta Faransa ruwan zuma ce, bayanta a ɗan zagaye. Ɗan dutse ne da bai fi farcen babban yatsa ba sosai, kuma shi ne abu na farko da shebur ke watsarwa ba wanda ya kula.

Abin da ke raba gardama shi ne hatimi. A Turai ba a sakin bututu kasuwa sai an gwada shi da albarushi mai yawa, in bai fashe ba a buga masa tambari kusa da gindinsa. In ka ga haruffa uku, E da L da G, cikin wani ɗan da'ira mai tsawo, to Liège ce. In da kambi a saman da'irar, to ba ta riga 1893 ba, domin a shekarar aka ƙara kambin. In ka ga sanduna biyu a gicciye da kambi a kai da ƙananan haruffa a tsakani, to gidan gwajin Birmingham ne, wanda aka kafa a 1813, kuma an yi amfani da wannan tambari har 1904. A fallen gefe kuwa sau da yawa akan ga kalmar TOWER da kambi, wani lokaci da haruffan sarkin Ingila na lokacin, G da R, ko V da R na Sarauniya Victoria. Amma a yi hattara da wannan, don 'yan kasuwa sun ga ana son sa, sai suka riƙa buga shi a kan bindigogi masu araha waɗanda ba su taɓa shiga rumbun gwamnati ba. Alamar da ke nuna kayan gwamnatin Ingila ita ce wata 'yar kibiya mai layi uku, kamar sawun kaza a kan rairayi. In ka gan ta a bututu ko a kwanso, to kayan soja ne.

Idan kuwa an duba sama da ƙasa ba tambari ko ɗaya, kada a yi saurin cewa tsatsa ce ta cinye. Wataƙila aikin maƙeranmu ne. Maƙerin gida ya daɗe yana gyaran bindiga, daga baya ya koma ƙera ta gaba ɗaya, kuma da mota da famfo suka zo sai ya samu bututu a sauƙaƙe. Bututun famfo yana da ɗinki a tsawonsa, wani lokaci har da zaren noti a ƙarshe. Ƙarfen sitiyarin mota ma an yi amfani da shi, maharba sun fi yarda da shi saboda ƙwari. In ka ga walda, ko notin keke, ko sifirin na zamani, ai ka san ba a yi ta kafin zuwan waɗannan kaya ba. Ni a ganina wannan bai rage mata daraja ba ko kaɗan. Bindigar Birmingham akwai dubbanta a gidajen tarihin duniya, an rubuta komai a kanta. Ta maƙerin Zamfara ko na Gaya ita ce ba wanda ya tsaya ya tattara, kuma ita ce muke saurin sayarwa a kilo.

Mu koma ga bututun da bayansa a buɗe yake. Wannan ta baya ake sa mata harsashi, kuma in aka haska cikinta za a ga tsage-tsage masu murɗewa waɗanda ke juya harsashi ya tafi saiti. Nan lissafi ya fi sauƙi, domin kowace iri an san shekararta. Mai ɗan murfi da ke buɗewa gefe ita ce Snider ta Ingila, ta 1866, kuma yawancinta tsofaffin masu ɗurin baki ne aka yanke bayansu aka gyara, shi ya sa shekarar da ke jikin fallen gefen takan girmi gyaran. Mai akwatin ƙarfe shafaffe da mariƙi a ƙasa wanda ake ja ita ce Martini-Henry, ta 1871. Mai sakata a sama, da rubutun Faransanci da lambar 1874, ita ce Gras, an ƙera ta a garuruwa irin su Saint-Étienne da Châtellerault da Tulle. Faɗin ramin ma ma'auni ne: na bindigar toka yakan doshi milimita 18, na Snider kusan 15, na Martini da Gras wajen 11, na Lee-Enfield da kakanninmu suka riƙe a yaƙin Bama bai cika 8 ba. Ramin yana ƙara tsukewa, zamani yana ƙara matsowa kusa da mu.

Kwanson harsashi shi ne mafi sauƙin karantawa, saboda tagulla ne. A juya gindinsa. In da ɗan lotsi a tsakiya, an riga an harba shi. Haruffan da ke kewaye suna faɗin masana'anta, R da L da 'yar kibiya a tsakani na gidan makaman gwamnati ne da ke Woolwich a Landan, K kuma na kamfanin Kynoch ne a Birmingham. Lambobi biyu sau da yawa shekara ce. In gindin yana da leɓe da ya fito waje, tsohon fasali ne. In tsagi ne a kewaye babu leɓe, mai yiwuwa mun shigo zamanin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ko bayansa, musamman in akwai ɗan gicciye cikin da'ira.

Sai dai ƙarfe shi kaɗai rabin labari yake bayarwa. Sauran rabin yana cikin ramin. Shekarar da aka ƙera bindiga daban, shekarar da ta shiga ƙasa daban, kuma tsakaninsu ana iya samun rayuwar mutum biyu. Zurfin nawa aka same ta? A ƙarƙashin daɓen ɗaki ne, ko a tsohon juji, ko a gindin katanga? Me aka samu tare da ita? In kuɗin wuri ne da tsingaron tukwane, wannan wata magana ce. In anini ne mai huda, to ba a binne ta kafin 1907 ba, don a shekarar aka fara buga shi. In a naɗe take cikin fata ko tsumma mai mai, an shimfiɗe ta a tsanake, to ɓoye ta aka yi da niyyar dawowa, wataƙila lokacin da Nasara ya sa dokar lasin, mai ita kuma ya rasu bai faɗa wa kowa ba. In kuwa a cikin leda take ko buhun roba, malam, wannan ba maganar gidan tarihi ba ce, maganar 'yan sanda ce kai tsaye.

Wurin ma a yi la'akari da shi. Kwanson sojan Ingila a kusa da Ƙofar Kabuga, inda dakarun Kanar Morland suka shiga Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, ba ɗaya yake da wanda aka tsinta a bayan tsohon bariki inda aka yi shekaru ana koyon harbi ba. Haka filin Giginya a Sakkwato, haka Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada ran 27 ga Yuli na shekarar, haka Satiru da Haɗeja a 1906, haka Dikwa ta Rabe, haka Birnin Konni da Lugu da ayarin Voulet da Chanoine suka afka wa a 1899. A irin waɗannan wurare, inda kwanso ya taru yana nuna inda mai harbi ya tsaya, inda curin dalma ya faɗi yana nuna inda ya nufa. Mu labarin waɗannan yaƙe-yaƙe yawanci daga rahoton wanda ya ci nasara muke karanta shi. Abin da ke cikin ƙasa ba shi da ubangida. Amma da zarar an kwashe an zuba a buhu guda, wannan shaida ta tafi ke nan, ko da ƙarfen yana nan.

Saboda haka kafin a ɗaga, a ɗauki hoto da waya yana kwance a inda yake, a ajiye kwalin ashana kusa da shi don a gane girmansa. In an ɗaga, a bar shi ya bushe a inuwa, a goge ƙasar da burushi mai laushi. Kada a kai wa mai walda ya sa injin gurza, kada a sa ruwan batir, kada a yi masa fenti. Tambarin da muke nema bai fi ƙwayar wake ba, gurza ɗaya ta ishe shi. In rubutu ya ƙi fitowa, a shiga ɗaki mai duhu a haska tocila daga gefe, inuwa za ta fito da shi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Dokar makamai ta Nijeriya ba ta ware tsohuwa ba: har bindigar toka tana bukatar lasin daga 'yan sanda, kuma ɓangaren bindiga ma a idon doka bindiga ne. A ɗaya gefen, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ce wanda ya tono kayan tarihi ya sanar da hukuma, kuma ba a sayar da su ga kowa kara zube. Duka dokokin biyu suna da hujja, musamman a wannan zamani da makami ya zame mana annoba. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, talakan da ya tono ruɓaɓɓen bututu a gidansa ba ya tunanin gidan tarihi. Tunaninsa shi ne, in ya kai kansa caji ofis, yaushe zai fito, kuma nawa zai kashe. Ban ga laifinsa sosai ba. Muddin mai kawo rahoto shi ne wanda ake fara tuhuma, to masai da baban bola za su ci gaba da karɓar abin da ya kamata ya isa Gidan Makama a Kano, ko gidan tarihi na Kaduna ko na Jos, ko gidan tarihin Waziri Junaidu a Sakkwato.

Gyaran kuwa ba ya bukatar sabuwar doka ko kasafin kuɗi. Mai unguwa ya san gidan, ya san leburorin, ya ga ramin da idonsa. Shi ya kamata ya shige gaba, ya raka maigida, ya tsaya masa shaida. Rundunar 'yan sanda ta kowace jiha ta umarci ofisoshinta cewa ƙarfen da aka kawo ta wannan hanya a rubuta, a sallami mai shi da takardar shaida a ranar. In an ga tsoho ne wanda ba ya harbuwa, a kira ma'aikacin gidan tarihi ko malaman binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello su duba, maimakon a jefa shi a ɗakin ajiyar shaidu ya ƙarasa ruɓewa. Su kuma gidajen tarihi, in sun karɓa, su rubuta sunan unguwar da gidan da aka samo shi a jikin katin, su kuma aika wa maigidan da abin da suka gano: ƙirar ina ce, ta wace shekara, ta wace hanya ake jin ta iso. Mutumin da aka yi wa haka, in maƙwabcinsa ya tono wani abu gobe, shi zai riƙe hannunsa ya kai shi wurin mai unguwa.